Ranar da Raƙumi Ya Ja Jirgi a Dakoro

Ana saura 'yan kwanaki Sallar Layya, a bazarar farko bayan Nijar ta karɓi mulkin kanta, na raka kakana Sarjan Illo wata rijiya da ke kan hanyar Korahane, domin ya zaɓi rago a garken wani amininsa Bafulatani mai suna Bello. Mun bar Dakoro da sanyin safiya, shi a kan jaki, ni a ƙasa da gorar ruwa a kafaɗa, ina tafe ina cire ƙarangiya daga ƙafa. Muka tarar shanu sun yi dafifi a bakin rijiyar, takarkari yana jan igiya yana nisa, mai tsaye a bakin rijiya yana kwaɗa masa kira idan guga ya iso. Kaka ya riga ya kama wani farin rago yana duba haƙoransa, sai na ga ya sake shi, ya miƙe a hankali, ya nufi gindin wata aduwa inda maruƙa ke lasar kanwa. Abin da aka zuba musu kanwar a ciki ne ya ɗauke masa hankali. Wani katako ne shimfiɗaɗɗe, tsawonsa bai fi gaba biyu ba, mai faɗi ta gaba kamar bakin kwaɗo, yana tsukewa ta baya, da wasu kumatu biyu a gefe da gefe, da ɗan rami a tsakiya wanda yaro zai iya zama a ciki. Jan fenti ne a jikinsa dā, rana ta cinye shi saura tabo-tabo. Kaka ya kori maruƙan, ya durƙusa, ya yi ta shafa katakon yana tasbihi. Da ya ɗago ya ce mini, "Kai ɓarawon hura, zo ka ga abin da ya hana kakanka zama cikin mutane."

Sai na koma baya kaɗan, domin mai karatu ya gane abin da yake nufi. Kakana, wanda ya haifi mahaifiyata, ya yi aikin soja a zamanin Nasara. An kai su har Abijan, bakin teku, inda suka daɗe suna jiran babban jirgin da zai ƙetare da su. A garin akwai wani ruwa kwantacce mai faɗi, kuma ranar Lahadi akan tura su bakinsa su tare jama'a, saboda Nasaru suna tseren wasu ƙananan jirage. Kaka ya ce kowane jirgi mutum guda yake ɗauka, mutumin a durƙushe, da wani inji maƙale a bayansa yana ƙara kamar an saki zuma. Idan gudu ya kankama, jirgin yakan fita daga cikin ruwa ya hau bisansa, ya riƙa tafiya yana taɓa shi kawai, har ya fi doki sauri. Da ya dawo gida ya ba da labarai da yawa, kuma mutanen Dakoro suka karɓa. Sun yarda da jirgin ƙasa, sun yarda akwai ruwan da ba a ganin ƙarshensa. Labarin ƙananan jiragen ne kawai ya ƙi shiga, kuma dalilin shi ne Alhaji Garba.

Alhaji Garba taubashin Kaka ne, bafataken hatsi wanda ya taka ƙasa sosai, ya ga kogin Kwara da idonsa, ya shiga kwalekwale ya ƙetare. A wurinsa jirgin ruwa abu ne dogo mai zurfin ciki, wanda yake nutsa rabin jikinsa a ruwa, ana tura shi da gora ko da filafili. Duk lokacin da Kaka ya ɗauko zancen a majalisar gindin gawo, sai Alhaji ya tsare shi da tambayoyi har a kwashe da dariya. Wasan taubasai ne da farko. Amma wasa ya fita daga majalisa ya shiga gari, yara suka laƙaba wa Kaka suna, suna kiransa Mai Tashi Bisa Ruwa. Na yi dambe a kan sunan nan har ban san iyaka ba, a makarantar allo da wurin kiwo da filin langa. Abin da ya ƙarasa lamarin shi ne wata rigimar iyakar gona da aka kai gaban mai gari. Kaka ya san iyakar tun yana saurayi, aka kira shi shaida. Yana buɗe baki wani daga cikin masu rigimar ya ce ai wanda ya ga jirgi yana gudu bisa ruwa zai iya ganin iyaka ko'ina. Aka yi dariya, aka nemi wani shaidan. Tun daga ranar Kaka ya ɗauke ƙafa daga gindin gawo. Daga masallaci sai zaure, yana tufkar igiya shi kaɗai. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa ya koma sai an tambaye shi yake magana.

Bello bai ja ciniki a kan katakon ba. Kaka ya yi masa alkawarin wani babban kwamin itace da ke gidanmu, wanda ya fi dacewa da kanwar maruƙa, shi kuma ya ba mu samari biyu suka ɗauko katakon a ka. Rashin nauyinsa ya ba su mamaki. Ragon ma sai da Bello ya tuna wa Kaka da shi. Da muka shiga gari yara suka biyo mu, mata suna leƙe ta kan darni, wata tsohuwa ta yi salati don ta ɗauka makara ce. Aka jingine shi a bayan rumbu, bisa duwatsu saboda gara. Kakata Inna Hajo ta zagaya shi ta ce ko ba komai ta samu wurin shanyar kuɓewa, kuma kafin mako ya zagayo wata kazarta ta fara ƙwai a cikin ramin. Alhaji Garba ya zo da yamma da carbinsa, ya duba sama ya duba ƙasa, ya ce, "Sarjan, in wanga jirgi ne, to faifan matata ma jirgi ne."

Na zaci Kaka zai fita ya shelanta wa gari cewa gaskiyarsa ta bayyana. Bai yi ba. Ya ce shekaru sun yi nisa, ido yana iya ruɗin mai shi, kuma ba zai rantse a kan abin da bai bincika ba. Saboda haka bayan na dawo daga kiwon awaki, kafin in ɗauki allo in tafi karatun yamma, sai mu zauna mu biyu muna karanta jikin katakon kamar yadda ake bin sawun dabba. A allon bayansa, wanda ya fi ko'ina kauri, akwai wasu tabo biyu zagayayyu da ƙarfe ya ci, Kaka ya ce nan ake maƙala inji a ɗaure. A gaban ramin akwai ɗan bolan, wato sitiyari, irin na mota, amma ƙarami, da guntun waya mai tsatsa. Muka kifa shi muka ga wani ɗan ƙarfe kamar wuƙa a ƙarƙashin kumatu ɗaya, wanda Kaka bai san da shi ba, domin bai taɓa ganin cikin jirgin ta ƙasa ba. A saman hancinsa akwai ragowar farin rubutun boko. Ni ajami na iya, don haka na kwaikwayi zanen a ƙasa da tsinke, na kira wani abokina ɗan lakwal, wato makarantar boko, shi kuma ya kira mushensu, wato malaminsu. Mushe ya zo da kansa, mutum mai fara'a, ya ce harafi ne guda da lamba, irin wadda ake sa wa abin tsere don a bambanta shi da 'yan uwansa. Alamar da ta fi kwantar wa Kaka da rai mahaifiyata ce ta gano ta. Ta zo kwashe ƙwai, ta ga wurare biyu a daɓen ramin sun goge sun yi santsi, ta ce wannan ai irin gurbin da gwiwa ke bari ne a buzun salla.

Malam Isa, wanda ya koya mana karatu da rubutu, ya ji abin da muke ciki. Ya ce mana magabata ba su karɓar magana sai sun san wanda ya ji ta daga wane, shi kuma daga wane, har a kai tushe, kuma abin da ya yi wa magana amfani zai yi wa katako. Muka fara daga Bello. Ya ce wani shugaban maginan rijiya ne ya bar masa, lokacin da suka gama aiki za su gaba. Muka sami maginin ranar kasuwa yana sayen igiya, ya ce shi inuwa yake yi da shi a bakin aiki, kuma ya karɓe shi ne daga gardi, wato mai gadin gidan likitan dabbobi, wani Banasare da ya zauna a Dakoro ya tafi gab da 'yancin kai. Gardin yana nan a gari, tsoho mai jan goro a baki. Ya ba mu tabarma, ya ce ya tuna ranar da abin ya iso a kan kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya, an naɗe shi da bargo kamar jariri. Likitan ya rataye shi a ɗakin ajiya, kowace shekara sai ya sauke shi ya shafa masa mai ya mayar. Gardin bai taɓa tambayar ko mene ne ba, ya ɗauka wani abin bautarsu ne. Ya ce wanda zai sani shi ne kukun likitan, wanda suka zo tare daga kudu, kuma ya ji yana gasa burodi a Maradi.

Nan sarƙar ta tsaya mana, don Maradi ba tafiyar jaki da yaro ba ce. Mahaifina yana fatauci tsakanin Maradi da Najeriya, kuma shi mutum ne da ba ya son abin da zai sa a nuna gidansa da baki. Mahaifiyata ce ta yi ta bin sa da magana har ya yarda. Ya tafi da ayari, muka shiga jira. Ruwan shuka ya sauka, muka fita gona, manya suna saran rami da sungumi, mu yara muna jefa iri muna rufewa da diddige. Gero ya tsiro, aka shiga noman farko, hannuwana suka yi kanta. Duk ayarin da ya shigo gari sai na ruga in duba. Ranar da ya dawo, ko kaya bai gama saukewa ba ya wuce zauren Kaka, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce ya ga kukun. Mutumin ya shaida masa cewa a Abijan ya fara yi wa likitan aiki. Wani kafinta Banasare ne ya ƙera jirgin a can, ya yi tsere da shi, sannan ya sayar wa likitan. Likitan ya yi ta tsere da shi ranar Lahadi, kukun ne ma ke riƙe masa jirgin a ruwa kafin a tashi. Da aka yi masa canjin aiki zuwa arewa ya taho da shi, yana sa ran za a ajiye shi a garin da ke bakin kogi, sai aka kawo shi Dakoro. Da zai koma ƙasarsu ya sa injin a akwati ya tafi da shi, jirgin kuwa ya fi ƙarfin kayansa. Kaka ya saurara har ƙarshe, ya shafa fuska, ya yi hamdala.

Mahaifina da kansa ya kai labarin gindin gawo. Alhaji Garba ya ji, ya jinjina kai, ya ce sarƙa ta yi kyau, ba shi da ta cewa a kanta, amma ta nuna inda katako ya fito ne kawai, ba ta nuna ya taɓa hawa bisa ruwa ba. Ya ƙara da cewa kuku da soja duk barorin Nasara ne, abin da aka gaya wa ɗaya shi aka gaya wa ɗayan. Mutane suka ce Alhaji ya yi magana. Da aka gaya wa Kaka bai yi fushi ba. Ya ce Garba yana da gaskiya, saura ruwa ya yi shaida.

A lokacin tabkin da ke kwarin bayan gari ya cika. Tabki ne dogo marar faɗi, inda muke wanka muna kama kwaɗi, mata suna wanki, shanu suna sha ta ɗaya gefen. Rana ta tsattsage jirgin a wurare da yawa, sai muka yi abin da duk ɗan Dakoro zai yi idan abu ya tsage: muka shiga daji muka ɗebo ƙaro, muka jiƙa, muka liƙe kowace kafa, muka shanya. Ya bushe ya yi ƙyalli, har Inna Hajo ta yaba. Babu wanda ya tuna cewa abin da ruwa ya narkar a ƙwarya zai narkar da shi a tabki. Muka sa jirgin a ruwa wata yamma, na shiga da sanda ina turawa. Ya yi ta jujjuyawa kamar ƙwarya, ya ƙi miƙewa, ruwa yana hawowa ta hanci. Can sai na ji danshi a gwiwa, ƙaron ya saki, jirgin ya cika ya zauna a laka, ni kuma na tsaya a ciki ruwa iya cibiya. Dariyar da aka yi ranar har yanzu ina jin ta. Kaka ya shiga ruwa da rigarsa ya taya ni jawo shi, bai kalli kowa ba.

Gyaran na biyu wani baduku maƙwabcinmu ne ya yi shi, mai ɗinkin salka. Ya kankare ƙaron, ya cusa zare a tsagogin, ya bi su da kakin zuma da kitse mai zafi, ya lulluɓe manyan da fatar akuya jemammiya ya buga ƙananan ƙusoshi. Muka zuba ruwa a ramin ya kwana bai ragu ba. Amma yoyo ba shi ne babbar matsalar ba. Kaka ya ce ko a Abijan, idan jiragen suna tafiya a hankali haka suke jan ciki kamar saniya a taɓo, gudu ne ke ɗaga su. Inji kuwa yana ƙasar Faransa. Na yi kwanaki ina juya maganar. Wata rana muna wasan jifa da tsingaro a tabki, wanda duk nasa ya fi tsalle bisa ruwa shi ya ci, sai na lura tsingaron da aka jefa da sanyin hannu nutsewa yake, wanda aka wurga da ƙarfi shi ke tafiya a sama. Na ruga gida na ce wa Kaka ba inji muke nema ba, abin da zai fizge shi muke nema, kuma a garinmu ba a rasa abin da ke jan igiya. Ya dube ni ya ce ashe hurar da nake sata ba ta tafi a banza ba.

Akwai wani Ba'abzine na Tagriss, Agali, da ke sauka a gidanmu idan ya kawo dabbobi kasuwa, yana da farin raƙumin hawa wanda ake labarin gudunsa. Da aka yi masa bayani ya yi dariya har rawaninsa ya zame, sannan ya ce raƙumi ba ya gudu a laka, santsi zai karya shi. Shi ya kawo shawarar a yi yadda ake yi a rijiya. A kai jirgin can ƙarshen tabki, a miƙa igiya bisa tsawon ruwan, raƙumi ya tsaya a kan yashi ta wannan ƙarshen, ya ba tabki baya ya ruga. Idan jirgi ya kusa gaɓa, sai a yi masa kiran da ake yi idan guga ya iso. Rijiyoyinmu masu zurfi ne, igiyoyinsu dogaye, kuma da damina hutawa suke. Na bi gida-gida ina aro. Wasu suka ba ni don tausayin Kaka, wasu don su ƙara samun abin dariya. Kaka ya ƙulla su da hannunsa, yana gwada kowane ƙulli da ƙafa.

Aka sa ranar Juma'a bayan la'asar. Ban taɓa ganin bakin tabkin ya cika haka ba. Ni ne zan hau, don na fi kowa sanin jirgin, kuma ba ni da nauyi. Mahaifiyata ba ta hana ba, amma ta ɗaura mini goruna biyu toshassu a ƙirji, ta ja ɗaurin har numfashina ya yi wuya, tana yi ba ta kallon fuskata. Malam Isa ya zo ya dafa kaina ya karanta addu'ar shiga jirgi, wadda Annabi Nuhu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi. Ya ce shekara da shekaru yana koyar da ita a Dakoro, bai taɓa samun wanda zai yi wa ita ba sai yau. Samari suka kai ni ƙarshen tabki suka riƙe jirgin. Na sa gwiwoyina a gurbin nan biyu, na kama bolan ko da yake ba ya juya komai. Daga nesa ina hango Kaka tsaye a gaɓa, ruwa iya idon sawu, da Agali bisa raƙumi a bayansa.

Kaka ya ɗaga hannu. Igiyar ta taso daga ruwa tana ɗiga, ta miƙe, jirgin ya zabura. Da farko abin da ya faru rannan ne ya so ya sake faruwa. Hancin ya dunƙufa, ruwa ya watso mini a cinya, na ji an fara dariya ta hagu. Na ja jikina baya iya ƙarfina. Raƙumin ya bar sassarfa ya buɗe ƙafa, sai na ji nauyin da ke riƙe da jirgin ya sake shi gaba ɗaya. Ƙarar ruwan ta canja, ta koma wani tas-tas-tas a ƙarƙashina kamar ana tafi. Hancin ya ɗaga, kumatun nan biyu suna taɓa ruwa suna saki, feshi yana tashi fari ta dama da hagu ya fi tsayina. Iska ta cika mini baki, hulata ta tafi. Mutanen da ke gaɓa suka zama zane guda mai launi-launi, yaran da suka biyo ni da gudu na bar su a baya kamar suna tsaye. Ban ji tsoro ba sai da na ga gaɓa tana taho mini. Sannan na ji muryar Kaka, wadda aka daɗe ba a ji ta da ƙarfi ba, ya kwaɗa kiran rijiya har ya amsa a kwarin. Igiya ta saki, jirgin ya sauko ya zauna a ruwa, ya silale ya soki laka, ni kuma na wuntsila ta kansa na faɗi a gaban Kaka.

Sai Inna Hajo ta rangaɗa guɗa, mata suka karɓa, maza suka ɗauki kabbara. Aka ɗaga ni sama da lakata da gorunana. Agali ya dawo yana tambaya ko jirgin ya tashi, domin shi da ya ja bai ga komai ba, bayansa ya ba tabki. Saboda shi aka sake yi, wani ɗan'uwansa ya hau raƙumin shi ya tsaya kallo. Ana cikin hayaniyar Alhaji Garba ya ratso mutane, ya tattare babbar rigarsa, ya shiga laka da takalmansa har inda Kaka yake. Ya kama hannunsa ya juya ga jama'a ya ce, "Ku shaida, Illo gaskiya ya faɗa tun farko. Ni ne ban je inda ya je ba." Mai gari yana wurin, da mutumin nan na rigimar gona, wanda ya sunkuyar da kai. Idanun Kaka suka kawo ruwa. Can ya ce, "Garba, tunda ka yarda da wanga, akwai wanda na ɓoye ban taɓa faɗi ba. A teku na ga kifin da ya fi raƙumin ga girma." Alhaji ya saki hannunsa ya ce, "Shi kuma sai ka kawo shi tabki." Suka fito daga ruwan suna riƙe da juna suna dariya, kuma ba gida suka nufa ba, majalisa suka wuce, aka matsa wa Kaka ya zauna a tsakiya. Ya yi ta ba da labari har aka kira magariba.

Mun ja jirgin sau da yawa a daminar, da wadda ta biyo, har sai da kusan kowane yaro a unguwarmu ya ɗanɗana. Kaka ya rayu shekaru bayan haka, ana kiransa shaidar aure da ta gona, ya rasu da mutuncinsa. Jirgin bai kai shi daɗewa ba, gara ta same shi a wata shekarar da hankalin kowa ya koma kan abin da za a ci. Kwanan baya na ba jikokina labarin, sai ɗaya ya lallatsa wayarsa, kafin in gama kurɓar shayi ya nuna mini irinsa sak, ja, yana gudu bisa wani ruwa a ƙasar Turawa. Ya ce akwai tsofaffi a can da aikinsu ke nan, neman irin waɗannan jirage, su gano wanda ya ƙera su da waɗanda suka hau su, su gyara su su mayar da su ruwa. Na ji daɗi, na ce ashe muna da 'yan uwa ba mu sani ba. Amma na lura yaron bai yi mamaki ba, ya wuce zuwa wani hoton. Abin da ya ci mana bazara da damina, ya tayar da bafatake zuwa Maradi, ya tara igiyoyin gari guda, yau ɗan yatsa ke yin sa, kuma babu wanda ke shiga laka da takalmi don ya ba wani haƙuri. Tabkin ma ya cike, gidaje sun matso bakinsa. Allah Ya jiƙan mutanen da suka ga maganar tsoho ɗaya ta isa a yi mata wannan wahala.